Ranar Hutu Tsakanin Ruwa Da Wuta

Yaron da aka haifa a Fakuwa, ko Kafin Dangi, ko Rimaye, ko wani ƙauye na ƙasar Kankiya da Kusada, ruwa iri uku ya sani: na sama, da na rijiya, da na rafin da ke cika da damina ya koma rairayi da rani. In malami ya tsaya gaban allo ya ce masa akwai inda kogi sukutum yake faɗowa daga bisa dutse, tsayin da ya kai na doguwar giginya, dare da rana ba ya fasawa, yaron zai rubuta a littafinsa, ya haddace, har ya ci jarrabawa da shi, amma can cikin zuciyarsa zai ajiye maganar wuri ɗaya da tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi. Haka nan kuma in an gaya masa ana harba wuta sama da dare ta buɗe kamar fure, ja da kore da shuɗi. Hausawa sun ce gani ya kori ji.

Saboda haka muka ga ya kamata mu yi wa malaman makaranta da akawunan ofisoshi bayani a kan waɗannan abubuwan kallo guda biyu, tun da yake galibi su ne ake ɗora wa nauyin shirya tafiya in hutu ya zo, su tara kuɗi, su nemo mota, su rubuta sunaye. Ruwa da wuta suna da kyaun gani, kuma kowanne yana kisa. Abin lura kuwa shi ne ba lokaci ɗaya suke tsananta ba. Sa'ad da ruwa ya yi ƙarfi wuta takan yi sauƙi, sa'ad da ruwa ya janye kuma wuta ke samun abin ci. Wanda zai ja mutane zuwa kallo lalle ne ya san wannan tun bai fita gida ba.

ME YA HANA MU MATSIRGA?

Wurin da kogi ke faɗowa daga tudu shi ake kira matsirgar ruwa, watau inda ruwa ke tsirgowa. Abu biyu ne ke haɗuwa su yi ta. Na farko, gaɓar dutse mai tauri wadda ta gitta kogi. Ruwa yakan cinye ƙasa mai taushi da ke gaban gaɓar, shekara da shekaru, dutsen ya ƙi ciwuwa, har wurin ya zama tsani mai zurfi. Na biyu kuwa, kogin da ba ya ƙafewa.

To, tsakiyar ƙasar Katsina shimfiɗe take, sai 'yan duwatsu jefi-jefi, daminarmu kuma wata huɗu ce ko biyar. Ruwan da ya sauka a nan rabuwa yake yi: wani ya bi Gada da Karaduwa ya nufi kogin Rima a ƙasar Sakkwato, wani ya gangara gabas ya shiga ƙasar Kano ya nufi Haɗeja. Mu muna kan tudun da koguna ke farowa, ba su riga sun tara ƙarfi ba suke barinmu. Wanda ke son ganin kogi ya tsirgo sai ya yi kudu, inda damina ta fi tsawo, tsaunuka kuma suka fi yawa.

GURARA

Wadda ta fi suna a Arewa ita ce matsirgar Gurara, a Jihar Neja, kusa da hanyar da ta tashi daga Suleja zuwa Minna. Kogin Gurara daga tsaunukan kudancin Kaduna ya taso, ya bi ta nan, ya je ya faɗa Kwara arewa da Lakwaja. Tsayin matsirgar ya kai kimanin mita 30, faɗinta kuwa in ruwa ya cika yakan kai mita 200. Ƙasar Gwarawa ce, kuma labarin da ake bayarwa a wurin shi ne, sunan ya samo asali daga abubuwan bauta biyu na mutanen da, Gura da Rara.

Daga Kankiya tafiyar ta haura kilomita 400, ta Zariya da Kaduna, saboda haka kada wani ya yi zaton zai je ya dawo rana ɗaya. Sai an kwana a hanya. Amma hanyar kanta makaranta ce. Yaro zai ga ƙasa tana sake kama: gero ya ba dawa wuri, dawa ta ba masara da doya, itatuwa su yi ta ƙara tsawo da duhu. Dab da Suleja zai ga Dutsen Zuma, wanda hotonsa ke jikin takardar naira 100. Suleja ɗin ma ita ce Abuja ta asali, wadda ta ba sabon babban birnin ƙasa sunanta bayan da aka yanke shawarar gina shi a 1976, kuma a nan Ladi Kwali, wadda ke bayan takardar naira 20, ta yi aikin tukwanen da ya kai sunanta ƙasashen duniya.

Kafin a ga ruwan kunne ne ke fara labari. Tun daga nesa za a ji wani rugugi kamar hadari na tasowa, alhali kuwa sama garau take. In an leƙa daga bisa tudu a ƙarshen damina, sai a ga kogi ja wur saboda laka, yana zubowa ta kan baƙaƙen duwatsu, yana komawa fari fat kamar audugar da aka shiɓe, feshinsa yana tashi yana jiƙa tufafin mutum tun bai matsa ba. Mutum biyu na tsaye kafaɗa da kafaɗa sai sun ɗaga murya su ji juna. Wanda ya zo da hantsi ko da la'asar, ya ba rana baya ya fuskanci feshin, yakan dace da bakan gizo tsaye a gabansa, kusa ƙwarai kamar ya miƙa hannu ya taɓa.

Daga watan Janairu zuwa Maris kuwa wurin yakan zama wani abu dabam. Ruwa ya janye, ya yi garai-garai, ya rarrabu yana bin tsagin duwatsu, rairayi ya bayyana a ƙasa inda mutane ke shimfiɗa tabarma su ci guzurinsu.

Malami mai basira ba zai bar wannan dama ta wuce ba. Ga lissafin da za a yi a bakin ruwan: abin da ya faɗo daga tsayin mita 30 yakan iso ƙasa cikin daƙiƙa biyu da rabi, yana gudun da ya haura kilomita 80 a sa'a, kamar motar haya a kan kwalta. Lita 1,000 ta ruwa, watau jarka 40 masu cin lita 25, nauyinta tan ɗaya ne. In yaro ya haɗa nauyin nan da gudun nan, zai gane da kansa abin da ya sa ruwa ke fafe dutse, da abin da ya sa ake juya injin lantarki da shi, da kuma abin da ya sa aka hana shi shiga.

SAURAN WURARE

Ba Gurara kaɗai ke nan ba. Kusa da Kafanchan, a kudancin Jihar Kaduna, akwai wadda sunanta ma Matsirga, ruwanta daga tsaunukan Kagoro yake fitowa. A ƙasar Wamba ta Jihar Nasarawa akwai Farin Ruwa, wadda aka ƙiyasta tsayinta ya kai mita 150, ninki biyar na Gurara ke nan. A tsaunukan Jos akwai Assop, akwai kuma Kurra, inda kamfanin NESCO, wanda aka kafa a 1929, ya sa injuna ya riƙa ba ma'aikatan haƙar kuza wutar lantarki tun yawancin biranen Arewa suna kunna fitilar aci-balbal.

A ƙasashen waje, babbar matsirgar Afirka ita ce ta kogin Zambezi, tsakanin Zambiya da Zimbabuwe. Tsayinta mita 108, faɗinta ya haura mita 1,700. Baturen nan Dauda Livingstone ya gan ta a 1855 ya sa mata sunan Sarauniya Biktoriya, amma mutanen wurin tun da can suna kiranta da sunan da ma'anarsa ita ce hayaƙi mai tsawa. Sai kuma Niyagara, tsakanin Amurka da Kanada, mai tsayin mita 57 a ɓangarenta mafi girma, wadda tun 1896 ake kai wutar lantarkinta birnin Buffalo. A can ne aka haɗa abubuwan kallon nan biyu wuri guda: kullum da dare ana haska ruwan da fitilu masu launi, a watannin zafinsu kuma ana harba wasan wuta a bisansa, jama'a su wuni suna kallon ruwa su yi hira suna kallon wuta.

DARASIN KINTAMPO

Duk malamin da zai kai yara irin wannan wuri ya kamata ya san abin da ya auku a Kintampo, ƙasar Gana, ran 19 ga Maris, 2017. 'Yan makaranta sun je yawon buɗe ido, suna wanka a gindin matsirga, sai hadari ya taso da iska, wata ƙatuwar bishiya ta faɗo daga sama ta danne su. Mutum 18 ko fiye suka rasu, yawancinsu ɗalibai ne. Iyaye sun sallami 'ya'yansu da safe da guzuri, aka kawo musu gawa.

Haɗarin matsirga ɓoyayye ne. Duwatsun da feshi ke jiƙawa gansakuka ta lulluɓe su, sun fi sabulu santsi, kuma sau da yawa masu faɗawa garin neman wurin ɗaukar hoto suke zamewa. Gindin matsirga gurbi ne mai zurfi, ruwansa juyawa yake yi, ya danna mutum ƙasa ya ƙi sakinsa, ga shi kuma ruwan da ya cika da kumfa ba ya ɗaukar jiki yadda ruwan tafki ke yi. Gwanin iyo na kududdufin bayan gari ɗan koyo ne a nan. Sa'an nan ruwa yana iya ƙaruwa farat ɗaya ko da ba a ga ɗigo ba a wurin, in an yi ruwan sama can sama inda kogin ya fito. A kan Gurara ma akwai babbar madatsa a Jihar Kaduna, wadda ake jan ruwanta ta bututu zuwa Abuja, don haka yawan ruwan da ke isowa ba a hannun damina kaɗai yake ba. Akwai kuma wani ɗan baƙin ƙuda da ke hayayyafa a ruwa mai gudu, wanda ke yaɗa cutar makantar kogi, shi ya sa doguwar riga da dogon wando suka fi dacewa da wurin.

Dokokin ba su da yawa. A nemi ɗan jagora daga mutanen wurin, a kuma ji maganarsa. A raba yara ƙungiya-ƙungiya, kowane malami da nasa, ya ƙirga su wajen sauka, ya ƙirga su wajen hawa. Da damina kallo daga tudu kawai, ba wanka. In hadari ya haɗo a bar gindin ruwa da ƙarƙashin itatuwa nan da nan.

WASAN WUTA

Ƙarar albarushi ba baƙuwa ba ce a ƙasar Katsina. Duk wanda ya taɓa zuwa hawan Salla ya ga 'yan bindigar Sarki suna ɗura bindigoginsu suna saki, hayaƙi ya turnuƙe, dawaki na zabura. Wasan wuta ɗan'uwan wannan ne, uwarsu ɗaya. Mutanen Sin ne suka gano albarushi fiye da shekara 1,000 da suka wuce. Haɗinsa gawayi ne, da farar wuta, da wani farin gishiri wanda yake sakin iskar da wuta ke ci, shi ya sa albarushi ke kamawa ko a cikin rufaffen wuri. Daga Sin ya bi ta ƙasashen Larabawa ya isa Turai.

Abin da ake harbawa sama wani ƙunshi ne kamar ƙwallo, an naɗe shi da takarda mai kauri. Ana sa shi cikin bututu, albarushin da ke ƙarƙashinsa ya cilla shi sama, a lokacin kuma wani lagwani ya kama yana ci a hankali. An auna tsawon lagwanin yadda ba zai kai ciki ba sai ƙunshin ya ƙure tashinsa. Da ya kai sai ƙunshin ya fashe, 'yan ƙwayoyin da aka jera a ciki su watsu suna ci da wuta. Yadda aka jera su haka siffar za ta fito a sama, ko zobe, ko fure, ko kan giginya. Launi kuwa daga ma'adinai yake: jan ƙarfe ke ba da shuɗi, sanholo ya ba da fari mai ƙyalli, sinadarin da ke cikin gishirin miya ya ba da rawaya. Wannan na ƙarshe kowa yana iya gwadawa, a barbaɗa ɗan gishiri a harshen wutar risho a ga yadda zai koma ruwan ɗorawa.

Nan ma akwai darasi. Mai kallo daga nesa yakan ga wutar ta buɗe shiru, sai an jima ƙarar ta iso. Haske nan take yake zuwa, amma sauti mita 340 yake ci a daƙiƙa guda. In yara suka ƙirga daƙiƙa uku tsakanin gani da ji, to, tsakaninsu da wurin kilomita ɗaya ne. Da wannan lissafin za su riƙa auna nisan tsawa da damina in sun koma gida.

Wasan wutar da ya fi shiga tarihin ƙasar nan shi ne na daren samun mulkin kai. Da ƙarfe 12 na daren da aka wayi gari 1 ga Oktoba, 1960, a Filin Sukuwa na Ikko, wanda yanzu ake kira Dandalin Tafawa Ɓalewa, aka sauke tutar Ingila aka ɗaga kore da fari da kore, a gaban Firayim Minista Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Gwamna Janar Sir James Robertson, da Gimbiya Alexandra wadda ta wakilci Sarauniya. Daga nan sararin Ikko ya cika da wuta iri-iri. A zamanin nan kuwa an fi ganinsa a manyan birane daren sabuwar shekara da wajen wasu manyan bukukuwa.

WUTA BA TA DA ƊAN GIDA

Ran 26 ga Disamba, 2012, wani ɗakin ajiya cike da kayan wasan wuta ya kama a unguwar Jankara, cikin tsibirin Ikko. Ya yi ta fashewa, wutar ta ci gidajen maƙwabta, an yi hasarar rai, mutane da dama suka ji rauni. A ƙasar Indiya, a watan Afrilu na 2016, wasan wuta ya ƙwace a wajen wani biki a jihar Kerala, mutum fiye da 100 suka halaka. Ko ɗan sandan nan mai tartsatsi da ake miƙa wa ƙananan yara, zafin bakinsa yakan haura digiri 1,000, ninki goma na tafasasshen ruwa. Shi ya sa rundunonin 'yan sanda na jihohi sukan yi shelar hana sayar da abin fashewar nan da yara ke kira nokawut duk ƙarshen shekara. Ban da ƙuna da gobara akwai wani dalili: a garin da mutane ke kwana da kunne ɗaya saboda 'yan bindiga, ƙarar da ba a san ta mece ce ba tana iya sa jama'a gudu su tattake juna.

A ƙauyukanmu abin ya fi muni. Ƙarshen shekara lokacin hunturu ne, iska na kaɗawa, kome ya bushe ƙayau: dangar kara, da zana, da jinka, da harawar da aka ɗora bisa itace, da rumbunan da ba a daɗe da cika su ba. Tartsatsi ɗaya ya isa ya cinye noman shekara na unguwa guda. Saboda haka wanda ya je birni ya yi kallo, ya dawo da labari kawai, kada ya sayo wa yara tsarabar abin fashewa. A wurin kallon kuma a tsaya nesa, ta inda iska ba za ta kawo hayaƙi da ɓurɓushi ba, a san ƙofar fita tun ba a fara ba, wanda kuma aka kunna ya ƙi tashi kada kowa ya je dubawa.

ZAƁEN RANA DA HANYA

In aka auna duk wannan, sai a ga hutu biyu ne suka fi dacewa da irin wannan tafiya, kowanne da halinsa. Hutun 1 ga Oktoba yakan zo Gurara na cike maƙil, ƙasa kuma a jiƙe, ciyawa ɗanya. Ranar nan ruwa ne abin tsoro, kallo daga tudu ya wadatar. Hutun ƙarshen shekara kuwa yakan tarar ruwa ya fara sanyi, an kusa iya zama a rairayi, ga wasan wuta a birane, amma a lokacin ne gobara ke jiran dalili. Mai ƙananan yara ya fi kyau ya jira rani. Mai manyan ɗalibai da ke son su ga ƙarfin kogi ya je ƙarshen damina, ya riƙe su da kyau.

Sai maganar hanya, wadda ba ta ɓoyuwa. Mutanen Jihar Katsina ba su manta da daren 11 ga Disamba, 2020 ba, sa'ad da aka kwashe yara fiye da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara, haka nan harin da aka kai wa jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna ran 28 ga Maris, 2022. Uban da ya ƙi sakin ɗansa ba a ga laifinsa ba. Don haka kada a ɗauki ɗan kowa sai da yardar iyayensa a rubuce, da iznin hukumar ilmi, da shawarar jami'an tsaro a kan hanyar da za a bi a makon tafiyar. A tashi da sassafe, a sauka kafin magariba, a duba lafiyar mota da ta direba, kada kuma a cusa yara fiye da kujeru don ragin kuɗi. In an ce hanya ba ta da kyau a fasa, Gurara ba inda za ta.

Wanda nisa ko kuɗi ya hana, akwai na kusa. Madatsar Zoɓe da ke kan Karaduwa kusa da Dutsin-ma, wadda aka gama a 1983, da ta Tiga a Jihar Kano, ta 1974, sun isa su nuna wa yaro ruwan da ido ba ya ganin ƙarshensa, in kuma an dace da shekarar da suka cika suna amai, zai ga ɗan kwatancin matsirga. Su ma sai an tambayi lafiyar hanya kafin a kama ta.

Tafiya mabuɗin ilmi ce, kuma yaron da ya taɓa tsayawa gaban Gurara ya ji ƙasa na rawa ƙarƙashin ƙafarsa, darasin labarin ƙasa ba zai sake zama masa tatsuniya ba. Amma 'ya'yan mutane amana ne a hannun wanda ya rubuta sunayensu. Akawu ya san ba a rufe littafin kuɗi sai shiga da fita sun daidaita, to, haka lissafin wannan tafiya yake: yara 30 suka fita, yara 30 za a mayar wa iyayensu. Allah ya kai mu lafiya, ya dawo da mu lafiya, amin.